Sharhi kan na'urar auna ƙarfin siginar maikurowef bayan shekara guda a Sakkwato

Aikinmu shi ne kula da farantan da ke haɗa turakun sadarwa ta siginar rediyo da ake kira maikurowef tsakanin Sakkwato da garuruwa irin su Wamakko, Bodinga da Gwadabawa, kuma shekara guda ke nan muna amfani da wata ƙaramar na'urar auna ƙarfin sigina wadda ake jona wa kwamfuta ta USB. Irin mai dayod ce (ƙaramin ɓangaren lantarki da ke gano siginar), tana aiki har zuwa firikwensin gigahaz 18 (firikwensi shi ne saurin kaɗawar sigina), saboda haka ta wadatar da mu a layukan gigahaz 7, 13 da 15.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta ɗauke mana aikin gyaran lissafi. Kowace na'ura irin wannan tana ɗan karkacewa gwargwadon firikwensin da ake aunawa, kuma a tsofaffin mitoci sai ma'aikaci ya duba jadawali ya shigar da adadin gyara da hannunsa, bayan ya gwada ta da siginar miliwat 1 a megahaz 50. Wannan kuwa jadawalin yana ajiye a cikinta; da zarar an gaya mata firikwensin, ita za ta yi gyaran. Sai dai idan aka manta ba a sauya firikwensin ba, ba za ta ce uffan ba, kuma hakan ya taɓa faruwa da ni.

Zafi ne ya fi gwada ta. Ana daidaita irin waɗannan kaya a ɗakin gwaji mai zafin digiri 23, mu kuwa a watan Afrilu muna aiki a sama da digiri 40. Na lura cewa idan aka fito da ita daga mota mai sanyi aka jona nan take, adadin yana ta yawo, musamman a sigina mai rauni. Mun koma barinta ta ɗauki zafin wurin na kusan rabin awa, sannan mu kashe siginar mu mayar da na'urar sifili kafin awo.

Akwai kuskuren da babu na'urar da za ta kawar ita kaɗai, wato rashin daidaito a mahaɗi, inda ake jona na'urar da rediyon da ke aika siginar. An gina layin a kan om 50 (ma'aunin turjiyar lantarki), amma kowane ɓangare yana mayar da wani abu na siginar baya. Idan VSWR (ma'aunin siginar da ke komawa baya) na rediyo 1.5 ne, na na'urar kuma 1.2, shakkar da ke cikin awon ta kai kusan kashi 3.6 cikin ɗari, wato desibel 0.16 sama ko ƙasa. Sanya mai rage sigina na desibel 10 mai inganci a tsakani yana rage wannan sosai, muddin an san ainihin abin da shi kansa yake ragewa. Ƙurar hunturu kuwa tana shiga bakin mahaɗin, don haka muna goge shi da barasar goge kayan lantarki, mu ɗaure da sifana mai ƙayyadadden ƙarfi, ba da hannu ba.

Ƙorafina ɗaya ne: ba ta zo da wannan sifana ba, ga kuma batun sake daidaitawa duk shekara a ɗakin gwaji mai shaidar ƙwarewa ta ƙasa da ƙasa, ISO/IEC 17025, wanda ke nufin tura ta nesa da rasa ta na makonni. Duk wanda zai saye ta a nan, ya sa wannan kuɗin cikin lissafinsa tun farko.