Yuro 40 na biya aka kwantar da ni a ƙasa

'Yan uwa, kun daɗe kuna tambaya ta nawa ne kuɗin haya a nan Milan, nawa ake sayar da shinkafa. Wannan ku bar shi sai wani jiƙon. Yau labarin wulaƙancin da na saya da kuɗina zan ba ku.

Waɗanda muka tashi tare a Fagge sun san ni da murya. Tun a islamiyya ni ake turawa gaba ranar walima, daga baya na yi ta zarya a situdiyoyin Zoo Road, kowa na cewa Allah ya yi baiwa a nan. Da wannan girman kan na zo ƙasar nan. Wani ɗan Italiya da muke ɗaurin kaya tare a sito ya ji ina rera waƙa a bakin aiki, ya ce akwai wata dattijuwa a unguwarsu mai koyar da waƙar opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa a kan dandali, in je ta ji ni. Na ce a raina, to bari mu je a nuna musu.

Ɗaki ne ƙarami, fiyano a gefe, dogon madubi a jikin bango. Matar ta haura shekara 70. Maestra ake ce mata, wato malama, amma bakina ya ƙi, sau biyu ina kiran ta Mama. Ta ce in yi abin da na iya. Na gyara tsayuwa, na ɗaga haɓa, na saki muryar nan da ake yi wa liƙi a gidan biki. Ban ƙarasa baiti na biyu ba ta ɗaga hannu.

"Da wa kake faɗa?"

Ta juya ni wajen madubi, ta ce sake. Sai ga jijiyoyin wuyana sun miƙe kamar igiyar guga, kafaɗu na hawa duk sanda na ja numfashi, muƙamuƙi ya ƙage. Ta shimfiɗa bargo a ƙasa ta ce kwanta. Ni, magidanci da 'ya'ya uku. Ta ɗora mini wani ƙaton littafi a kan cibiya, wai in ja numfashi har littafin ya ɗaga, in sake shi a hankali ta tsakanin haƙora kamar tayar keke da ƙaya ta huda. Minti 45 muka yi a haka, ban ƙara rera ko kalma ɗaya ba. Da na tashi ina kakkaɓe riga ta ce Yuro 40 ne. Ku buga lissafin da naira da kanku, ni na daina don yana tayar mini da hawan jini.

Na rantse ba zan koma ba. Abin da ya sa na yi kaffara shi ne zuwana La Scala, gidan operar da aka buɗe tun 1778, mai ɗaukar mutum kusan 2,000. Tikitin talaka na saya, can ƙololuwa kusa da rufi, inda sai ka leƙo kafin ka ga rabin dandali. Ga makaɗa sun fi 60 a wani rami gaban dandalin, masu goge da masu busa da mai tambari. Wata mata ta fito, ba wata mai jiki ba, ta buɗe baki, muryarta ta ratsa duk wannan kiɗan ta same ni kamar a kunnena take yi. A matsayina na Bakano, abu na farko da na yi shi ne neman inda aka ɓoye lasifika. Babu makirufo a hannunta, babu a ƙirjinta.

Da na koma da kunyata, Maestra ba ta ko yi mini gori ba. Ta ce abin ba ƙarfi ba ne. Kiɗan makaɗa yana da nauyi ne a ƙasa, shi kuwa mawaƙin da ya horu yakan sauke maƙogwaronsa, ya buɗe cikin wuya kamar mai shirin hamma, sai wani amo mai tsini ya fito a sama, wajen kaɗawa 3,000 a daƙiƙa, inda kiɗan ba shi da ƙarfi. Squillo suke ce masa. Numfashin kuma appoggio, wato jingina: haƙarƙari ya tsaya a buɗe, iska na fita da awo. Da ta nemi ta dafa haƙarƙarina ta ji ko na buɗe, na noƙe. Ba ta ji haushi ba, ta ɗauko gyale ta ce in ɗaura in riƙe bakinsa da kaina.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne rikicinta da Hausa. Duk kalmar da ta fara da wasali, mu sai mun ɗan toshe maƙogwaro kafin mu sake ta, ga kuma su ƙ da ɗ da ɓ. Ban taɓa lura ba sai da ta ce ina ƙwanƙwasa ƙofa kafin kowace "a". Wata biyu muna fama da wannan. Amma ta yaba wasulana, ta ce a, e, i, o, u ɗina sun fi na ɗalibanta 'yan Ingila fita tas. Ta kuma tambayi inda na koyi riƙe sauti ɗaya ba rawa. Nan na tuna malaminmu na tajwidi da bulalarsa, yana ƙirga mana madda da yatsu, yana nuna mana mafitar kowane harafi. Allah ya jiƙan Malam. Ashe abin da nake biya da Yuro ya fara ba ni shi a kan kuɗin Laraba.

Da sanyi ya shigo muryata ta dishe. Na zo darasi da tarkacena, zuma da citta da Tom Tom. Ta rufe fiyano ta ce ba za ta karɓi kuɗina ba sai na ga foniatra, likitan murya. Na sha jiran layi, don asibitin gwamnati a nan ma ba a gaggawa. Ranar da aka gan ni, aka zura mini siririyar kyamara ta hanci, na ga tantanin muryata guda biyu a allo, sun yi ja, suna haɗewa suna rabuwa. Wanda ya fara ganin nasa yana waƙa ma malamin waƙa ne, Manuwel Garsiya ɗan Sifaniya, a 1854, da ɗan madubin likitan haƙori da hasken rana. Ni kuwa mawaƙa nawa na sani a gida da muryarsu ta tafi aka ce jifa ne, aka yi ta hayaƙi da rubutu? Ladani ya manna baki a makirufo yana ƙaraji, an ƙure lasifika har tana kuka. A situdiyo kuma yaro ya yi ta karkacewa, mai kwamfuta ya miƙe masa, a fito ana cewa baiwa.

Kada ku ɗauka komai na nan ya burge ni. In ba ka sanar awa 24 kafin darasi cewa ba za ka zo ba, sai ka biya, ko da mutuwa aka yi maka. Maƙwabta sun turo mini takarda ta ƙarƙashin ƙofa saboda ina gwaji da rana tsaka, mutanen da ko gaisuwata ba sa amsawa. Masu zama saman La Scala kuma ba su da kara. A 2006 sun yi wa shahararren mawaƙi Roberto Alagna ihu har ya fice daga dandali ana tsakiyar wasa, wani mawaƙin ya shigo sanye da kayansa na gida ya ƙarasa. Ina tuna wannan sai in ji kewar gidan biki, inda ko ka kuskure wata gwaggo za ta rangaɗa guɗa ta manna maka ɗari biyar a goshi.

A 2023 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa waƙar opera ta Italiya cikin gadon al'adun duniya, Maestra har yau tana alfahari da wannan. Shi ya sa makon jiya na kunna mata Shata a waya, don ta san mu ma ba daga sama muka faɗo ba. Ta saurara ido a rufe, ta ce in mayar baya. Ta ce wuyan mutumin nan a sake yake, kuma kowace kalma tana fita a kan kalangu ba tare da ya yi ihu ba. Sai ta tambaye ni ɗalibansa su wane ne, a ina suke koyarwa. Na ce mata 'yan amshi ake ce musu, kuma ya rasu tun 1999. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba.

Don haka in akwai wanda ya san wani tsohon ɗan amshinsa da ke raye, a Funtuwa ko Musawa ko ko'ina, ya yi mini magana. Ranar Alhamis zan koma, kuma na san sai ta sake tambaya.