Tulu a ƙasa ko jarka a sama: wanne ya fi wa fangalin bayan ɗaki?

Hajiya, na ga tambayarki. Kin ce kin ɗaga fangali da bulo a bayan ɗaki nan Birnin Kebbi, faɗinsa mita 1, tsawonsa mita 3, kina son tumatir da attarugu da ɗan alayyafo, ruwa kuma daga 'yan garuwa kike saye. Wasu sun ce ki binne tulu, wasu sun ce ki rataya jarka da tiyo. Duka biyun na taɓa, bari in faɗa miki yadda kowanne ya yi da ni.

Mu fara da ƙishin fangalin kansa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, kowace murabba'in mita na lambu mai ganye tana iya shan lita 6 zuwa 8 a yini. Naki uku ne, ke nan kusan jarka guda kullum. Fangalin da aka ɗaga kuma ya fi na ƙasa saurin bushewa, don rana na dukan bulon ta gefe, ba kamar fadamar gulbin Rima ba inda laima ke kusa.

Tulu ba shi da wata dabara mai wuya. Gumin nan da randa ke yi har ruwanta ya yi sanyi, shi ne aikin. Ki sami sabon tulun yumɓu wanda ba a shafa masa fenti ko siminti ba, ki cika shi ki bar shi ya kwana. In da safe kin ga jikinsa ya yi damshi, ya yi. Sai ki binne shi har wuya, ki dasa tumatirinki kewaye da shi, kamar taƙi guda daga jikinsa. Abin da ya burge ni shi ne ƙasar ce ke jan ruwan da kanta: in ta bushe ta ja da yawa, in tana da laima ta rage. Ranar da na tono nawa bayan girbi, saiwoyi sun naɗe shi kamar an saƙa masa raga. Saman ƙasa kuma a bushe yake zama, don haka ciyawa ba ta samun yadda take so. Tulu uku a jere za su riƙe miki fangalin nan, kina cika su bayan kwana biyu ko uku, gwargwadon girmansu da zafin rana.

Inda yake gazawa, ruwansa ba ya tafiya nisa, musamman a ƙasa mai yashi irin tamu. Iri da aka yafa a sama, kamar alayyafo ko latas, ba zai tsiro da ruwan tulu ba, sai kin riƙa yayyafa masa da hannu har saiwarsa ta nutse. Yana kuma cin wuri a tsakiyar fangali. Kada ki bar bakinsa a buɗe, ki kife masa kwano, in ba haka ba kin gina wa sauro gida a bayan ɗakinki. In ruwan yana da kanwa-kanwa, a hankali farin abu zai toshe jikin tulun, sai an tono an goge.

Jarka kuwa, jarkar mangyaɗa mai lita 25 ta isa. A ɗora ta a kan abin da ya kai mita 1 zuwa 1 da rabi sama da fangalin, a huda ta kusa da gindi a sa ɗan kan famfo, a jona siririn tiyo, a shimfiɗa shi layi biyu, a naɗe ƙarshensa a ɗaure. Hujin da allura ake yi, taƙi-taƙi. Ni da ƙusa mai zafi na yi na farko, ruwan ya ƙare kafin in gama shan koko: shukokin kusa da jarka sun yi iyo, na ƙarshen layi ko ɗigo ba su gani ba. Ko da hujin ya yi daidai, na farko sun fi samu, shi ya sa fangalin ke son a daidaita shi sosai.

Amfaninta a fili yake. Tana jiƙa layi gaba ɗaya, don haka ita ce ta dace da abin da ake shukawa a cunkushe, alayyafo, karas, ko albasa in kina son ki gwada sa'arki da mutanen Aliero. Amma tana son mai kula. Yashin da ke ƙasan jarkar ɗan garuwa yana toshe huji, dole ki riƙa tace ruwan da tsumma. Jarka mai launin rawaya haske na ratsa ta, gansakuka ta fito, sai an lulluɓe ta da buhu. Rana na busar da tiyo ya tsage. Ƙurar hunturu ma ba ta raga masa. Sannan ba ta san ƙasa ta ƙoshi ba, in kin buɗe zuba kawai take yi har ta ƙare. Tawa akuyar maƙwabta ce ta ture ta, amma wannan laifin katangata ne.

Da ni ce ke, tunda ruwan na kuɗi ne kuma tumatir da attarugu ne kan gaba, tulu zan binne. Alayyafon ki ware masa kusurwa ɗaya ki riƙa ba shi da gwangwanin da kika huda gindinsa, safe da yamma, bai kai a haɗa masa tiyo ba. Ko wanne kika ɗauka, ki baza buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa a saman ƙasar kaurin yatsa uku, buntu dai ba ya wuya a Kebbi. Sai dai kada ya taɓa jikin shukar, kuma ki riƙa ɗagawa kina duba gara.