Wace na'urar ɗaukar awo ce ke zama lafiya da Linux?

Kafin ka tambayi kuɗin na'urar da za ta riƙa karanta maka zafi ko ƙarfin lantarki tana zubawa a kwamfuta, fara tambayar wa zai kula da direbanta, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, ranar da Linux ya sabunta kanel, wato zuciyar tsarinsa.

Ni dai LabJack T7 ce tawa. Tana da ƙofofin awo 14, ƙaifin awonta bit 16, tana kai awo 100,000 a daƙiƙa. Amma ba wannan ya saye ni ba. Tana jin Modbus TCP, buɗaɗɗiyar ƙa'idar sadarwa tsakanin na'urori, ta wayar Ethernet, don haka ko gobe kamfanin ya yi watsi da laburarensa na LJM, wato manhajar da yake bayarwa don karanta na'urar, duk wani laburaren Modbus na Python zai iya karanta ta, ba ruwanka da kanel. Ka ajiye ta kusa da injin da kake awo, kai kana can ofis. Tsada kam akwai, sai dai kuɗin sau ɗaya ake kashewa.

Na'urorin Measurement Computing ne ke biye mata, saboda laburarensu uldaq a buɗe yake, da C da Python. Comedi, tarin direbobin na'urorin awo, yana cikin kanel, ya ma fita daga sashen gwaji a sigar 5.13 a 2021, ya fi dacewa da mai tsohon katin awo na PCI, wanda ake sakawa cikin kwamfuta. NI-DAQmx kuwa, direban kamfanin NI, sai Linux ɗin da ke cikin jerin kamfanin.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen neman araha. Na taɓa yin odar allunan ADS1115, ƙaramin guntun da ke mayar da ƙarfin lantarki zuwa lambobi, daga wani mai sayarwa a intanet, rubutun kai daidai, ashe ADS1015 ce a ciki, mai bit 12 maimakon 16. Ba za ta ƙi aiki ba, wannan shi ne sharrin, lambobi za su yi ta fitowa kamar gaske. Gwajin ba wuya: karanta ɗanyen sakamako sau da yawa kana canza ƙarfin lantarkin a hankali. In duk lambobin suna rabuwa da 16 ba ragowa, bit huɗun ƙasa sifili ne, an cuce ka. Duba gudu ma: ta gaskiya ba ta wuce awo 860 a daƙiƙa, ADS1015 kuwa tana kai 3,300. Ka yi gwajin ranar da kaya suka iso, kowane allo daban, kafin wa'adin mayarwa ya wuce.