Mai Tsara Waƙoƙin Wasan Dandamali: Shi Kaɗai Ko Da Abokin Aiki?

An sha tambayata ko ya fi dacewa mai tsara waƙoƙin wasan kwaikwayo na dandamali ya haɗa kiɗa da baitoci shi kaɗai, ko ya nemi wanda za su raba aikin.

Wanda ya riƙe duka biyun, kamar Cole Porter na Amurka, ba ya raba kuɗin haƙƙin waƙoƙinsa da kowa, kuma kalma da kari ba safai suke karo ba. Sai dai aikin yana cin lokaci, kuma babu mai gaya masa baiti bai zauna ba sai ranar da 'yan kallo suka yi tsit.

Haɗin gwiwa yana rage nauyi. Daga wasan Oklahoma! a 1943 har zuwa 1959, Oscar Hammerstein yakan fara rubuta baitoci, sannan Richard Rodgers ya ɗora musu kiɗa. Haɗarin haɗin gwiwa saɓani ne, domin idan aka ɓata, aikin da ba a kammala ba yakan tsaya cak.

Kaɗaici ya dace da wanda ya ƙware a ɓangarorin biyu kuma yake da haƙuri. Sabon shiga kuwa tarayya ta fi masa, domin ko Stephen Sondheim, wanda daga baya ya shahara da haɗa kiɗa da baitoci shi kaɗai, baitoci kawai ya rubuta wa wasan West Side Story a 1957.