Gidan kallon da ya nuna mana Duran

Akwai wani gidan kallo ta wajen Ƙofar Ƙaura da nake zuwa kallon ƙwallo. Daren Alhamis idan babu wasa, mai gidan yakan saka tsohon damben boksin, kowa naira 200. Makon jiya Roberto Duran ya saka mana, ɗan ƙasar Panama, mai hannun dutse.

Damben 1972 ne a New York, ranar da ya ƙwace kambun duniya na ajin marasa nauyi, kilo 61, daga hannun Ken Buchanan a turmi na 13. Shekararsa 21 lokacin. Wallahi bai bar Buchanan ya huta ba, naushin ciki yake ta zuba masa. Wani dattijo kusa da ni, tsohon ɗan dambe, har miƙewa ya yi: "Yaro, da za a ɗaura wa wannan zare, babu mai tsaya masa a fage!"

Allon babba ne, sauti tangaram. Amma fanka ɗaya ce, zufa ta jiƙa mini riga, janareta kuma ya mutu a tsakiyar dambe har muka jira minti goma. Wannan ya kamata a gyara.

Alhamis mai zuwa karawarsa ta 1978 da Esteban De Jesus za a saka. Benci na gaba zan kama.