Fentin mai a kan ƙyauren katako: abin da na gani bayan damina

Ƙyauren zaurenmu na maɗaci ne, ya girmi duk yaran gidan, amma rana ta ci fentinsa har yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Bara, kafin saukar ruwa, na sa aka sake masa fenti. Yanzu ya sha damina, ya sha hunturu, don haka ina da bakin magana.

Fentin mai na saya, mai sheƙi, ruwan ƙasa. Gwangwanin lita 1 ya yi shafi biyu ciki da waje, har da ɗan saura. Amma gaskiya rabin yabon na mai fentin ne. Bai yarda ya shafa a tsaye ba, sai da ya cire ƙyauren ya kwantar da shi a kan benci. Ya bi shi da samfefa mai kaushi, lamba 80, har tsohon fentin ya sauka, sannan ya koma kan mai laushi. Ya cike tsagogin da fila, wato ƙullin toshe tsagar katako, ya shafa maganin gara, ya yi farin shafin ƙasa kafin ainihin launin.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya tsaya a kan gindin ƙyauren, wurin da ido ba ya kaiwa. Ya ce ta nan katako yake shan ruwa ya kumbura. Kuwa haka ne: a da duk watan Agusta sai an sa kafaɗa kafin ƙofar ta rufu, wannan karon kuwa da hannu ɗaya ake tura ta.

Fentin yana da nasa aibin. Ba ya bushewa da wuri, sai an ba kowane shafi kwana kafin a ƙara wani, kuma warinsa ya daɗe a zauren har ya dami mahaifiyata, wadda ke fama da asma. Wasu masu fenti kan tsinka shi da fetur don ya yi saurin bushewa. Kada ku yarda, sheƙin ne zai mutu. Tina, wato ruwan tsinka fenti, kaɗan ta isa.

Ƙurar hunturu kuwa tsumma mai laima kawai nake sawa, launin ya dawo. Gefen da ke kallon yamma ne ya ɗan dusashe. Wanda zai yi nasa ya guji ranar da ake iska, domin ƙurar da ta manne a ɗanyen fenti sai samfefa ce ke fitar da ita.