Sharhi: Akwatin gwajin da ya sa bakteriya haske a ajinmu

Na daɗe ina koyar da Bayoloji a wata makarantar sakandare a nan Kaduna, kuma duk sanda muka iso babin gado, alli ne kaɗai abin hannuna. In zana DNA a allo, yara su kwafa, su haddace, su juye a takardar WAEC, shi ke nan. A hunturun da ya wuce makaranta ta sayo mana akwatin gwaji na wani kamfanin Amurka, wanda ake cusa wa bakteriya ƙwayar gadon wata halitta dabam da shi. Na yi aikin da 'yan SS3, rukuni takwas, mutum huɗu-huɗu.

Ƙwayar gadon ta fito ne daga Aequorea victoria, wata halittar teku mai sulɓin jiki da siffar lema, da ke gaɓar tekun Pasifik ta Arewacin Amurka. A jikinta Osamu Shimomura ya gano furotin ɗin da ake kira GFP a 1962, mai fitar da koren haske. A 1994 Martin Chalfie ya nuna cewa in aka kai ƙwayar gadon jikin wata halitta, ita ma za ta haska, kuma a 2008 su biyun da Roger Tsien suka karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai.

A cikin akwatin akwai bakteriyar E. coli irin ta ɗakin gwaji wadda ba ta sa ciwo, da ɗan zoben DNA da ake ce wa filasmid mai ɗauke da ƙwayar gadon hasken, da garin aga da ake dafawa ya daskare a faranti don bakteriya ta yaɗu a kai, da maganin kashe bakteriya amfisilin, da wani sukari mai suna arabinos, da faranta, da 'yar fitila irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita. Ba abin da ya zo a fashe. Sai dai takardar bayanin an rubuta ta ne da zaton kowa yana da firij mai aiki dare da rana da na'urar ɗumama faranta. Firij ɗin gidana na kai kayan, in an ɗauke wuta in sayo ƙanƙara a bakin titi. Ɗumamawa kuwa, da yake daren hunturu a Kaduna da sanyi, wani maƙwabcina mai kiwon kaji ya ara mini injin ƙyanƙyasar ƙwai. Zafinsa yana daf da digiri 37 da bakteriyar ke so, kuma ya yi aikin tsaf.

Malamin da zai saya ya sani cewa wahalar tana gaban ranar gwajin. Kwana uku kafin nan na dafa aga na zuba a faranta, kuma sai ya huce har hannu na iya riƙe kwalbar kafin a sa amfisilin, in ba haka ba zafi ya kashe maganin.

Ranar gwajin kanta darasi biyu a jere sun isa. Yara suka ɗebo bakteriya cikin ruwan kalsiyam kulorayid mai sanyi, kwalba ɗaya da filasmid, ɗaya babu. Minti 10 a ƙanƙara, daƙiƙa 50 a ruwan digiri 42, sannan a koma ƙanƙara minti 2. Wannan girgizar sanyi da zafi ita ke ba DNA hanyar ratsa bangon bakteriyar. Filas na shayi da ma'aunin zafi muka yi amfani da su. Rukuni biyu na ƙarshe sun tarar ruwan ya huce, ba su samu komai ba, don haka a riƙa duba ma'aunin kafin kowane rukuni.

Bakteriyar da aka shafa a faranta huɗu ta kwana a injin ƙyanƙyasa, washegari muka rufe tagogi da labule. Faranti na farko, marar filasmid kuma marar magani, bakteriya ta lulluɓe shi kamar fatar nono. Na biyu, marar filasmid amma da amfisilin, fes, ko ɗigo. Na uku, mai filasmid da amfisilin, ga 'yan ɗige-ɗige farare. Na huɗu shi ne aka ƙara wa arabinos, da muka haska fitila sai ɗigon suka kama kore shar. Ajin ya kaure da salati.

Kowa kan na huɗu ya ruga, amma a wurina kuɗin akwatin a faranti na uku ya fita. Wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ɗaga shi ta ce, "Malam, ai waɗannan ma sun karɓi filasmid ɗin, tunda magani bai kashe su ba. To me ya hana su haske?" Na bar su da tambayar kusan minti goma suna gardama, har suka kai ga amsar da kansu: ƙwayar gadon tana nan, amma a kashe take, arabinos ne makunninta. Shekara da shekaru ina ƙoƙarin fahimtar da yara cewa DNA ɗin da ke ƙwayar ido shi ne a ƙwayar hanta, bambancin yana ga abin da aka kunna. Ban taɓa ganin ya shige su kamar ranar ba.

Farantin nan ya kuma buɗe mana maganar da ta shafi kowane gida. Filasmid ɗin yana ɗauke da ƙwayar gadon da ke sa bakteriya ta farfasa amfisilin, kuma a waje ma ta irin waɗannan zobba bakteriya ke miƙa wa juna ƙarfin jure magani. Da na tambayi wa ya taɓa sayen kafso a kemis ya sha kwana biyu ya ajiye, hannaye da yawa suka tashi. Daga nan muka gangara kan insulin ɗin masu ciwon sukari, wanda tun 1982 ake samar da shi da E. coli, da kuma waken SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2019, mai ƙwayar gado daga wata bakteriyar ƙasa don kare shi daga tsutsar da ke huda kwanso. Wasu yaran sun ji ana sukarsa a gida. Ban ce su yarda ko su ƙi ba, amma yanzu sun san me ake nufi in an ce an sauya gadon iri.

Akwatin da tsada, da dala ake lissafinsa, kuma bakteriyar da magungunan sau ɗaya ake cin moriyarsu. Makarantar da ba ta da tabbacin sanyi kada ta saka kuɗinta. Wadda ke da shi kuwa, ina ba ta shawarar ta saya. A tanadi ruwan bilic a jiƙa faranta kafin a zubar, kada yaro ya fita da ko guda. Na riga na rubuta wa shugaban makaranta a sake sayo mana baɗi, amma da 'yan SS2 zan yi, domin su samu shekara guda suna komawa kan abin da suka gani kafin jarrabawa.